Samuel Ajayi Crowther: Hedimastan da Ya Tsinke Laya

Duk ɗalibin da ya zauna ajin tarihin rubutun Hausa ya haddace wasu sunaye a jere kamar carbi: Schön, Barth, Robinson, Ɗan Hausa, Bargery, East. Dukkansu Turawa ne. Akwai kuwa wani baƙar fata da ya yi tafiya ɗaya da na farkonsu, ya kuma ƙare rayuwarsa a cikin rigimar da ta share fagen aikin na ukunsu, amma ba kasafai ake ambatonsa ba, domin bai bar ƙamus ko nahawun Hausa da sunansa ba. Shi ne Samuel Ajayi Crowther, Bayarabe, malamin makaranta, kuma baƙar fata na farko da cocin Angilikan ya naɗa bishop.

An haife shi a wajejen 1809 a garin Osogun, cikin ƙasar Oyo, a zamanin da daular take rugujewa. A 1821 mahara suka auka wa garin da hantsi, suka kama shi tare da mahaifiyarsa da ƙannensa. Shi da kansa ya rubuta daga baya cewa maharan Musulmi ne, Fulani da Yarabawan Oyo, kuma yana da kyau mai karatu ya riƙe wannan, domin zai taimaka wajen auna abin da ya biyo baya. Aka yi ta sayar da yaron daga hannu zuwa hannu, har an taɓa musanya shi da doki, kafin ya faɗa hannun Turawan Fotugal a Ikko. A watan Afrilu na 1822 jiragen yaƙin Ingila suka tare jirgin da ya ɗauko shi, suka sauke bayin da ke ciki a Saliyo. Can ya koyi karatu, aka yi masa baftisma a watan Disamba na 1825, ya ɗauki sunan wani limamin coci na Landan. Da ƙungiyar mishan ta CMS ta buɗe kwalejin Fourah Bay a 1827, sunansa ne na farko a rajista. Ya auri wata 'yantacciyar baiwa mai suna Asano, wato Hasana, wadda ita ma ta zama malama, suka yi shekaru suna riƙe da makarantun ƙauyukan da ke kewaye da Freetown.

A ɗaya daga cikin makarantun nan ne wani ƙaramin al'amari ya faru wanda ya bi shi har tsufa. Wani yaro ɗan Musulmi ya zo aji da laya a wuya. Crowther, saurayi mai zafin sabon addini, ya tsinke layar, ya miƙa wa yaron, ya ce ya mayar da ita gida, domin ba a shigowa da irin wannan makarantar Kirista. Uban ya zo a fusace. Ba kuɗin layar ne kaɗai ya dame shi ba. A ganinsa an keta alfarmar abin da malami ya rubuta, an kuma bar ɗansa ba tsari. Hedimasta bai ba da haƙuri ba. Sai ya ce a tara manyan Musulmin garin a yi muƙabala, ya zo da Littafi Mai Tsarki da fassarar Alƙur'ani ta Turanci wadda George Sale ya yi, ya yi ta jero hujjoji. Dattawan suka saurare shi, suka maimaita masa abin da suka yi imani da shi: Allah ba shi da ɗa, Muhammadu kuma manzonsa ne. Taro ya watse kowa yana kan bakansa.

A wancan lokaci yana ganin ya yi rinjaye, tun da ba a warware hujjojinsa ɗaya bayan ɗaya ba. Sai da shekaru suka ja ya gane cewa bai ci komai ba ban da ɓacin ran maƙwabta. Labarin ya iso ga masu tarihi ne domin shi ya rubuta shi da hannunsa yana tsoho, ya kawo shi a matsayin misalin yadda bai kamata a yi ba. Ba kowane babba ne yake ajiye wa na baya tarihin wautar ƙuruciyarsa ba.

Hausa ta shigo rayuwarsa a 1841. A shekarar nan gwamnatin Ingila ta tura jirage uku, Albert da Wilberforce da Soudan, su hau kogin Kwara, su ƙulla yarjejeniya da sarakuna kan hana cinikin bayi da buɗe kasuwancin amfanin gona. CMS ta haɗa su da mutum biyu, Bajamushe James Frederick Schön da malamin makarantar nan Crowther, aka ce su koyi Hausa, domin labari ya riga ya tabbata cewa ita ce harshen da fatake suke ji daga mahaɗar koguna zuwa bakin Sahara. Malaman da suka koya musu ba a ƙasar Hausa suke ba. A Saliyo suke, cikin 'yantattun bayi, kuma daga cikinsu aka ɗebi tafintoci. Tafiyar ta ƙare da makoki: daga Turawa kusan 150, zazzaɓi ya kashe fiye da 40, jirgin Albert ya kai Egga a ƙasar Nufe ya juyo da ƙyar. Schön ya koma ya shaida wa shugabanninsa cewa Bature ba zai iya wannan aiki ba, sai 'yan ƙasa, ya kuma nuna Crowther. Aka kira shi Landan, aka naɗa shi limamin coci a 1843. A shekarar ne littattafai biyu suka fito daga wannan tafiya: jerin kalmomin Hausa na Schön, da na Yarabanci na Crowther.

Daga nan aiki ya rabu. Schön ya zauna a Ingila ya riƙe Hausa har ƙarshen ransa. Ya fitar da nahawu a 1862, ƙamus a 1876, da Magana Hausa a 1885, wanda mafi yawansa daga bakin Dorugu ya fito, yaron nan da Barth ya tafi da shi Turai. Crowther ya koma ƙasar Yarabawa, ya sauka Abeokuta a 1846, inda ya sake haɗuwa da mahaifiyarsa bayan shekara 25. Ƙarfinsa ya tafi ga Yarabanci, sannan Ibo da Nufanci. Ɗalibin da ya gwada aikin mutanen biyu zai ga wani bambanci mai koyarwa. Crowther yana rubuta harshen da ya sha a nono, don haka ya dage a kan a riƙa nuna karin sauti a rubutun Yarabanci, abin da ya zauna har yau. Schön yana rubuta harshen da ya koya da girma, nesa da masu shi, kunnensa bai kama bambancin ƙ da k ko ɗ da d yadda ya kamata ba, sai da aka kai shekarun 1930 kafin haruffa masu ƙugiya su daidaita a boko.

Kogin bai sake shi ba. A 1854 ya bi Dokta William Baikie a jirgin Pleiad suka hau Binuwai, kuma saboda shan kwinin ba wanda ya mutu. A 1857 suka sake komawa a jirgin Dayspring. Crowther ya sauke abokin aikinsa J. C. Taylor a Anaca ya buɗe tasha, shi kuwa ya wuce arewa da niyyar isa Sakkwato ta Raba. Jirgin ya daki dutse kusa da Jaba ya nutse. Suka yi wata da watanni a bakin kogi suna jiran wani, Crowther ya mayar da zaman jira makaranta, ya duƙufa kan Nufanci, yana zama da malamai da fatake. Bai taɓa ganin Sakkwato ba.

A cikin waɗanda jirgin ya zubar akwai wani hafsan sojan ruwa mai suna John Hawley Glover, kuma labarinsa ya cancanci a ɗan ratse. Shi ne daga baya ya riƙe mulkin Ikko, ya tara Hausawa, da yawansu bayin da suka gudo daga iyayen gijinsu, ya kafa rundunar da aka riƙa kira da sunansa. A 1873 ya ƙetara da su Gwalkwas domin yaƙin Asante, bayan yaƙi kuma aka kafa rundunar Hausawa ta can, tsofaffin sojoji da dama suka zauna a Akra. Wanda ya shiga Kasuwar Malam Atta a yau, ko ya ratsa Nima da Mamobi, ya ji Bafrafra da Bazabarme da Bakotokoli suna ciniki da Hausa, yana jin gadon hanyoyi da yawa ne, mafi girmansu hanyar fataken goro ta Salaga. Amma ɗaya daga cikin hanyoyin ta bi ta bakin kogin nan na Jaba.

Sakataren CMS a Landan, Henry Venn, yana da ra'ayin cewa mishan kamar dangwarar gini ce, idan gini ya tsaya sai a cire ta, a bar coci ya riƙe kansa, ya ciyar da kansa, ya yaɗa kansa. Domin tabbatar da haka ya nemi a naɗa Crowther bishop. Turawan mishan na Abeokuta, Henry Townsend a gaba, suka ƙi, suka ce ba za su zauna ƙarƙashin baƙar fata ba. Aka yi sulhun da ya ɗaure wa sabon bishop ƙafa tun kafin ya tashi. Ranar 29 ga Yuni 1864 aka naɗa shi a babban cocin Canterbury, Jami'ar Oxford ta ba shi digirin girmamawa, amma yankin da aka damƙa masa shi ne ƙasashen Afirka ta Yamma da ke wajen mulkin Sarauniya, Turawan Ikko da Abeokuta kuma ba sa hannunsa. A aikace, kogin Kwara aka ba shi, daga Bonny a bakin teku zuwa ƙasar Nufe, da 'yan ma'aikata daga Saliyo, da kuɗi kaɗan, ba kuma jirgin kansa. Sau ɗaya a shekara, idan ruwa ya cika, yakan bi jirgin 'yan kasuwa ya zaga tashoshinsa.

Bishop ɗin bai daina zama hedimasta ba. Duk inda ya sauka, abin da ya fara nema wurin sarki shi ne fili da yara. A ganinsa wa'azin kasuwa yana bin iska, aji kuwa yana zama. Makarantar da aka buɗe a Lakwaja a 1865 ita ake lasaftawa a matsayin firamaren boko ta farko a yankin da ya zama Arewacin Nijeriya. Abin ya bi jinin gidan: surukinsa T. B. Macaulay shi ya kafa makarantar sakandare ta CMS a Ikko a 1859, ɗan wannan surukin kuma shi ne Herbert Macaulay na siyasa.

Lakwaja a lokacin tana ƙarƙashin ikon Etsu Nufe, wanda shi ma yana bin Gwandu. Babu sojan Ingila da zai kare mishan. Zaman tashar ya dogara ne ga yardar Etsu Masaba, sai Crowther ya riƙa zuwa Bida gaisuwa da tsaraba, yana zama a fada kamar kowane baƙo, yana ba sarakuna da malamai kyautar Littafi Mai Tsarki na Larabci. A 1872, yana kan hanyar ƙasa daga Bida zuwa Ikko, ya yada zango a Ilori, Sarki ya tara malamai aka yi masa tambayoyi a bainar jama'a. Tambayar farko ita ce wadda ta watsa taron Saliyo shekaru arba'in da suka wuce, wato matsayin Annabi Isa. Wannan karon bai zo da fassarar Sale ba, bai kuma taɓa Alƙur'ani da suka ba. Ya buɗe Linjilar Luka da Yarabanci ya karanta inda Mala'ika Jibrilu ya zo wa Maryamu da bushara, wurin da ya san masu sauraro ba za su ji shi baƙo ba, ya bar nassin ya yi magana. Kowace tambaya da karatu ya amsa ta. Da aka nemi jin abin da ke cikin littafin addu'o'insa, sai ya karanta addu'ar da ake yi wa Sarauniya, ya bayyana cewa a ƙasar da ba ta mulki, sunan sarkin ƙasar ake sawa a gurbin nata. Fada ta ji daɗin wannan. Ba wanda ya bar addininsa a ranar, amma an rabu da mutunci, ƙofa kuma ta zauna a buɗe.

Kada a ɗauka ya sassauta aƙidarsa ne. Har ya mutu burinsa shi ne Musulmi su karɓi addininsa, kuma kaɗan ƙwarai suka karɓa. Abin da ya sauya shi ne ladabin zama. Shaida mafi ƙarfi a kan haka ta fito daga Bida a tsakiyar shekarun 1880, lokacin da Etsu Maliki ya aika da wasiƙa da Hausa ta hannun Charles Paul, limamin tashar Kipo, yana kukan cewa barasar da Turawan kamfani suke shigowa da ita ta lalata masa ƙasa, yana roƙon Crowther, wanda ya kira uba, ya kai kukan gaban Sarauniya. Sarkin Musulunci ya rasa wanda zai amince wa da wannan saƙo sai bishop, kuma bishop ɗin da mahara Musulmi suka raba da gidansu yana yaro. Wasiƙar ta yi yawo a Ingila a hannun masu yaƙi da cinikin giya.

Rauninsa ma daga wannan hali ya fito. Mutumin da ya tsinke laya ba shawara ya zama tsoho mai jinkirin hukunci, mai karɓar tuba, mai ƙin korar ma'aikaci sai da shaida ƙwaƙƙwara. Tashoshin suna nesa da juna, albashi ba ya isa, wasu ma'aikata suka shiga fatauci, wasu suka yi abin da ya fi haka muni. A Anaca an yi wa wata yarinya dukan da ya kashe ta a hannun mutanen mishan, shari'ar kuma ta ɗauki shekaru kafin a yanke ta a Saliyo. Venn ya mutu a 1873, waɗanda suka gaje shi ba su da imaninsa ga shugabancin baƙar fata. Da aka sayo wa mishan jirgi a 1878, aka sa masa sunan Henry Venn, sai aka damƙa shi da sha'anin kuɗi a hannun Bature. Rahotanni suka riƙa tafiya Landan a asirce, ba a nuna wa waɗanda ake zargi.

A 1890 wasu samarin Ingila suka sauka Lakwaja, shugabanninsu Graham Wilmot Brooke, ɗan shekara 25, da John Alfred Robinson. Idonsu yana kan Kano da Sakkwato. Sun ƙudura za su koyi Hausa sosai, su sa riga da rawani, su ci abincin ƙasa, su kuma yafe kariyar gwamnatinsu domin su zama daidai da duk wanda ya bi su. Ba a musun gaskiyar niyyarsu, kuma son da Robinson ya yi wa harshen Hausa na haƙiƙa ne. Sai dai mutanen da suka shirya yin tawali'u a gaban Hausawan da ba su taɓa gani ba sun kasa yin sa a gaban Kiristocin Afirka da suka tarar. A ganinsu aikin shekara talatin na kogin duk ruɓaɓɓe ne, makaranta da gini kuwa shagala ce. Makarantar horar da malamai da Henry Johnson, mataimakin bishop a yankin arewa, ya gina a Lakwaja, suka rufe ta, aka sayar wa Kamfanin Neja ginin. Aka soke sunayen mutane da yawa daga rajistar coci.

A watan Agusta na shekarar aka yi zaman kwamitin kuɗi a Anaca, bishop yana kan kujera. Samarin suka karanta zarge-zarge a kan limaman da shi ya naɗa, sakataren kwamitin F. N. Eden ya dakatar da su a gabansa, har da ɗansa Dandeson, alhali a tsarin coci wannan hurumin bishop ne. Tsoho mai shekara kusan 80 ya ajiye shugabancin kwamitin. Landan ta yi ɗan gyara ga hukuncin, amma mafi yawan ma'aikatan Afirka sun tafi. Shanyewar ɓarin jiki ta kama shi a 1891, ya rasu a Ikko ranar 31 ga Disamba.

Samarin ma ba su daɗe ba. Robinson ya riga bishop ɗin mutuwa, a Lakwaja, a tsakiyar 1891, Brooke ya bi shi a watan Maris na 1892, babu ɗayansu da ya taka ƙasar Hausa. Domin tunawa da Robinson aka kafa ƙungiyar nazarin Hausa a Ingila, ita ce ta tura ƙanensa Charles Henry Robinson, wanda ya isa Kano a ƙarshen 1894, ya koma ya koyar da Hausa a Cambridge, ya fitar da nahawu a 1897 da ƙamus a 1899 zuwa 1900. Ƙamus ɗin da ɗalibai suka dogara da shi har zuwan na Bargery a 1934, asalinsa ta'aziyya ce ga ɗaya daga cikin mutanen da suka ture Crowther.

Kujerarsa ta koma hannun Turawa. Bishop Herbert Tugwell ya cika burin shiga Kano a 1900 tare da Dokta Walter Miller, suka shiga ba da izini ba, Sarki Alu ya ba su 'yan kwanaki su fice. Miller ya samu zama a Zariya a 1905, kuma abin da ya kafa ya ɗore shi ne asibiti da makaranta, irin aikin da samarin 1890 suka raina. Daga baya aka mayar da su Wusasa, daga hannunsa da abokan aikinsa kuma cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa ya fito a 1932. A tsawon shekara 60 bayan Crowther, baƙar fata a cocin Angilikan na Nijeriya bai wuce mataimakin bishop ba. Sai a 1952 aka sake damƙa musu yankuna, cikin waɗanda aka ba kuwa har da A. B. Akinyele na Ibadan, wanda ya shafe shekara 20 yana hedimastan makarantar sakandaren da ya buɗe a garin a 1913.